Tashar Nukiliya Ruwa Take Tafasawa

Mai karatu, in a Birtaniya kake zaune kamar ni, to wani ɓangare na wutar da ka dafa shayi da ita yau da safe daga tashar nukiliya ya fito. A 2024, wajen kashi 14 cikin 100 na lantarkin da ƙasar nan ta samar daga can ya fito, ban da wanda ake jawowa ta wayoyin ƙarƙashin teku daga Faransa, inda kusan kashi 2 cikin 3 na wutarsu na nukiliya ne. Da wannan wutar ka yi cajin wayar da ka turo mana saƙon nan na WhatsApp, mai cewa Turawa sun jera bama-bamai a bakin teku suna kiransu tashoshin wuta, wai hayaƙinsu ne ke sa mata ɓari, wai kuma duk wanda aka saka a na'urar ɗaukar hoto a asibiti an ɗura masa irin wannan guba. Ka rufe da cewa a yaɗa don Allah. To, don Allahn nan dai, a dakata.

Da a ce illar irin wannan saƙo a cikin waya take tsayawa, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma ni nas ce, na haura shekara 20 ina aikin jinya, kuma a kan gadon asibiti nake ganin inda zancen ke ƙarewa. Na ga mace da aka gano mata ƙari a nono tun yana ƙarami, likita ya ce za a yi aiki a biyo da gashi, 'yan uwa suka ce kul, ai wannan gashin nukiliya ne, ƙona mutum yake yi. Ta ɓace mana, ta dawo bayan watanni ciwon ya shiga ƙashi. Na ga dattijo da ya yi wata uku yana tari da jini yana gudun hoton ƙirji. Mutanen nan ba wawaye ba ne. Kalma ɗaya aka tsorata su da ita, kuma babu wanda ya taɓa zama ya warware musu abin da ke cikinta. Shi ya sa nake so ka ba ni aron hankalinka. Ba sai ka zama injiniya ba, duk macen da ta iya turara dambu ta riga ta san rabin karatun.

Mu fara daga ƙarshe, wato inda wutar ke fitowa. Ka tuna fitilar keke mai ɗan injin nan da ke gogar taya? Kana taka feda, taya na murza kansa, fitila na kamawa. A cikinsa maganaɗisu ne ke juyawa kusa da naɗin wayar tagulla, kuma duk sa'ad da haka ta faru lantarki na gudana a cikin wayar. Wani Bature, Michael Faraday, shi ya gano wannan a Landan a 1831, kuma har gobe kusan duk wutar duniya a kan wannan dabara take, in ka ɗebe ta farantan sola. Janaretan da ke ƙara a bayan shago fetur ne ke juya shi. A madatsar Kainji ruwa ne. A kan tsaunukan Sikotlan iska ce. A tashar kwal kuwa, kwal ake ƙonawa a tafasa ruwa, tururi ya fito da ƙarfi ya bugi wata ƙatuwar farfela mai kunnuwa jeri-jeri, farfela ta juya janareta. Tashar nukiliya haka take daga farfela zuwa waya. Murhun kawai aka sauya.

Makamashin wannan murhu shi ne yuraniyom, wani ƙarfe mai nauyi da ake haƙowa a ƙasashe irin su Kazakistan, Kanada, Namibiya, Ostareliya da Nijar. Kamar kowane abu, shi ma haɗuwar ƙwayoyin zarra ne, waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya 1,000 ta yuraniyom da aka haƙo, guda 7 kacal ne irin da ake kira yuraniyom 235, kuma su ne masu saurin tsagewa. In wani ɗan mitsitsin ɓarɓashi mai suna niyutiron ya shiga cikin ɗaya daga cikinsu, sai ta rabe biyu, ta saki zafi, ta kuma watso wasu niyutiron biyu ko uku. Waɗannan su je su tsaga wasu, haka abin zai yi ta bin juna. Aikin tukunyar nukiliya shi ne ta daidaita wannan bin-juna, ta yadda daga kowace tsagewa ɗaya tak ce za ta haifar da ta gaba. Ana yin haka da wasu sanduna masu sinadarin boron da makamantansa, waɗanda ke shanye niyutiron. In ana son wuta ta ƙaru a ɗaga su, in ana son ta ragu a zura su, kamar yadda kike janye itace daga murhu in tuwo zai kama. In wata matsala ta taso, sandunan duka suna faɗawa ciki cikin 'yan daƙiƙu, tsagewar ta tsaya.

Ana matse yuraniyom ɗin ya zama 'yan dunƙule-dunƙule, kowanne bai wuce kan ƙaramin yatsa ba, a jera su cikin dogayen bututun ƙarfe a toshe. Dunƙule ɗaya na ba da zafin da ya kai na kusan tan 1 na kwal. Shi ya sa tashar Sizewell B da ke gaɓar Suffolk, wadda ta fara aiki a 1995, take yin kusan wata 18 tana ci dare da rana kafin a tsayar da ita a sauya wani ɓangare na makamashinta.

A irin wannan tasha, wadda ita ce ƙirar da ta fi yawa a duniya, hanyoyin ruwa uku ne kuma ba sa gauraya. Na farko shi ne ke zagaya bututun yuraniyom yana kwashe zafi. Zafinsa ya haura digiri 300, amma ba ya tafasa, don an danne shi da matsin da ya ninka na iskar da muke ciki kusan sau 155. In kina da tukunyar nan mai murfin ɗaurewa da ake dafa ganda da ƙafar sa, kin san yadda matsi ke sa ruwa ya wuce zafinsa na kullum. Wannan ruwa a kulle yake, yana bi ta cikin dubban siraran bututu, su kuma bututun su tafasa ruwa na biyu da ke kewaye da su. Tururin ruwa na biyu shi ke zuwa ya juya farfela, sau 1,500 ko 3,000 a minti ɗaya, ya danganta da ƙirarta. Ruwa na uku kuma daga teku ko kogi ake ɗebo shi, ya sanyaya tururin ya koma ruwa, a sake mayar da shi tukunya. Ga dalilin da ya sa ake gina su a bakin ruwa. Tsofaffin tashoshin ƙasar nan irin su Heysham da Hartlepool da Torness iskar gas ce ke kwashe musu zafin maimakon ruwan farko, amma ƙarshen zance dai tururi ne da farfela.

Farin abin nan da ake nunawa a hoto yana tashi daga manyan hasumiyoyi kuwa, wanda aka ce shi ke sa ɓari, tururin ruwan sanyayawa ne, irin na bakin butar shayi. Tashoshin kwal ma suna da hasumiyoyin. Tashoshin nukiliyar da ke aiki a Birtaniya a yau ba su da ko ɗaya, don duk teku ke sanyaya su. Laifin har da na harshe. Masu fassara labarai sun saba cewa "tururin nukiliya" in suna nufin radiyeshin, sai mai sauraro ya ga farin tururi a talabijin ya ce ga shi nan. Radiyeshin ba a ganinsa, ba a shinshinarsa, da na'ura kawai ake auna shi.

Yanzu zancen bam. Yuraniyom ɗin tashar wuta ana tace shi har irin mai tsagewar nan ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Na bam kuwa sai ya kai wajen kashi 90, sannan a haɗe shi wuri ɗaya cikin ƙiftawar ido da wata dabara ta daban. Tukunyar tashar wuta ba za ta iya tashi irin tashin Hiroshima ba ko da wani ya so haka, kamar yadda kunun kanwa ba zai kama da wuta ba don an jefa masa ashana. Ba zan ɓoye maka dangantakar ba: injinan da ke tacewa zuwa kashi 5 suna iya zarcewa in an so, wannan ne tushen rigimar da ake yi da Iran, kuma shi ya sa hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya ke tura masu bincike. Tashar Calder Hall da Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 1956, babban aikinta na farko samar wa soja sinadarin bam ne, lantarkin ƙari ne. Wannan tarihi ne na gaskiya, kuma hujja ce ta a sa ido a kan gwamnatoci. Bai zama hujjar ka hana matarka zuwa gashi ba.

Radiyeshin kansa abu ne na awo, kamar kowane magani da nake bayarwa a ɗakin marasa lafiya. Farasitamol biyu na sauke zazzaɓi, kwali guda na kashe hanta. Ma'auninsa sunansa milisibat. Mazaunin Birtaniya na samun kusan 2.7 a shekara, mafi yawansa daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci, tun kafin a ƙirƙiro wata tasha. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce 0.02 ba. Tafiya a jirgin sama daga Landan zuwa New York ta kai 0.08, wato wanda ke gudun hoton ƙirji amma yana hawa jirgi bai yi lissafi ba. Hoton CT na ƙirji ya kusa 7, shi ya sa likita ba ya rubuta shi sai da dalili, kuma shi ya sa muke tambayarki ko kina da ciki. Sikanin da ake yi wa masu ciki da sauti yake aiki, na MRI kuma da maganaɗisu, babu wannan radiyeshin a cikinsu ko kaɗan. Doka ta hana tashar nukiliya ɗora wa maƙwabtanta fiye da milisibat 1 a shekara, kuma abin da ake aunawa a zahiri ya yi ƙasa da haka sosai.

Za ka ce to Chanobil fa? Fukushima fa? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan yi mata kwana ba. A Chanobil, ƙasar Yukiren ta zamanin Tarayyar Sobiyet, ranar 26 ga Afrilu 1986, ana wani gwaji da dare a tukunyar da ƙirarta ke da aibi, ma'aikata sun kashe wasu na'urorin kariya, ga shi ba a lulluɓe ta da ginin kankare mai kauri irin wanda ke kan Sizewell B ba. Tururi ya fasa ta, ta yi kwanaki tana ci. Mutum 2 suka mutu a daren, wasu 28 cikin ma'aikata da 'yan kwana-kwana suka bi su cikin 'yan watanni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yara. Hukuma ta yi ta ɓoye-ɓoye, aka bar su suna shan madarar shanun da suka ci ciyawar da ta gurɓata, daga baya fiye da 6,000 suka kamu da kansar wani ƙullutu da ke gaban wuya, wanda ake kira tayirod. Yawancinsu sun rayu bayan aiki, amma da an hana madarar da wuri da ba a kai nan ba. Lokacin da gobara ta tashi a tukunyar Windscale a arewacin Ingila a 1957, madarar gonakin yankin zubar da ita aka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace-macen Chanobil a tsakanin waɗanda abin ya fi shafa na iya kaiwa 4,000 a tsawon shekaru.

A Fukushima ta Japan, 11 ga Maris 2011, girgizar ƙasa ta zo, sandunan nan suka faɗa, tsagewa ta tsaya kamar yadda aka tsara. Sai dai tukunyar nukiliya kamar murhun gawayi take, ko an kashe wuta garwashi na nan da zafinsa, dole famfo ya ci gaba da zagaya ruwa na kwanaki. Igiyar teku ta haura katanga ta cinye janaretocin dizal da ke ba famfunan wuta, tukwane 3 suka narke. Girgizar da ambaliyar sun hallaka mutum wajen 18,000 in an haɗa da waɗanda ba a gani ba. Radiyeshin bai kashe kowa nan take ba, sai a 2018 gwamnati ta amince cewa kansar huhun da ta kashe wani ma'aikaci na da nasaba da shi. Amma fiye da mutum 2,000 a lardin sun mutu saboda wahalar kwasar da aka yi musu da zaman gudun hijira, yawancinsu tsofaffi, har da waɗanda aka ɗauko daga gadon asibiti aka loda a bas babu mai kula. Duk nas ta san abin da tafiyar awa goma a zaune ke yi wa tsoho mai ciwon zuciya. A Fukushima firgici ya kashe mutane fiye da yadda radiyeshin ya kashe.

To sai mu ɗora ɗaya hannun a kan sikeli, don wanda ya ce kada a yi nukiliya, ya sani ko bai sani ba, ya zaɓi wani murhun ne. A Disamban 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan kwana 5, aka ƙirga gawa 4,000 a lokacin, bincike daga baya ya kai adadin wajen 12,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin ɗaki, tana kashe kusan mutum miliyan 7 duk shekara. Wannan mutuwar ba ta da rana ɗaya da za a riƙa tunawa, a hankali take zuwa, da asma da ciwon huhu da shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa ba mai tura saƙo a kanta. Sai ranar 30 ga Satumba 2024 Birtaniya ta rufe tashar kwal ɗinta ta ƙarshe. Jamus kuwa ta rufe tashoshin nukiliyarta 3 na ƙarshe a Afrilun 2023 alhali tana ci gaba da ƙona kwal. Ni a wurina wannan kamar mutum ne ya kori karen da ke gadi don yana haushi, ya bar kunama a ƙarƙashin tabarma.

Mu kuma da muka taso inda ake ɗauke wuta, mun san murhu na uku, wato duhu. Wa bai taɓa jin iyalin da suka kwanta da janareta a zaure ko a baranda, aka wayi gari babu mai motsi ba? Wace ungozoma ce a gida ba ta karɓi haihuwa da fitilar waya ba? Kwalbar bakwaini wuta take so. Injin oksijin, injin wankin ƙoda, firjin allurar rigakafi da na jini, duka wuta suke so, kuma ba sa jiran gari ya waye. Ina goyon bayan sola ɗari bisa ɗari, musamman a asibitocin karkara, kuma a nan iska na ba mu wuta mai yawa. Amma a Disamba rana na faɗuwa a Ingila kafin ƙarfe 4 na yamma, akwai kuma makon da iska ke kwanciya. Ɗakin masu jinya mai tsanani ba ya hutu a makon.

Akwai abin da ma ba a faɗa maka ba. Sirinji da safar hannu da zaren ɗinki da muke buɗewa daga leda, da yawansu da radiyeshin ɗin sinadarin kobal 60 aka kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu, kuma babban kaso na wannan sinadari a cikin tukwanen tashoshin wutar Kanada ake samar da shi. Allurar da ake yi wa mutum kafin hoton da ke nuna ko kansa ta shiga ƙashi, ko jini na isa tsokar zuciya, tushenta daga wasu 'yan tukwanen bincike ne a Holan da Beljiyam da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe ƙalilan. In ɗaya ta tsaya gyara ba shiri, asibitoci a nan sai sun ɗage wa marasa lafiya rana. Ka daɗe kana cin moriyar abin da kake tsinewa.

Kada ka ɗauka talla nake yi wa kowa. Akwai abubuwan tsoro na gaske, kuma haushina shi ne ihun bam da hayaƙi ya hana mu kallonsu. Na farko shara. Makamashin da aka gama amfani da shi ba shi da yawa, amma yana da haɗari na dubban shekaru. Ana ajiye shi cikin tafkin ruwa na wasu shekaru, sannan a rufe shi cikin tulunan ƙarfe da kankare. Finlan ta haƙa ma'ajiya mai suna Onkalo cikin dutse, zurfin fiye da mita 400. Birtaniya, bayan shekaru kusan 70 tana harkar, har yanzu ba ta tsayar da wurin binne nata ba, kuma share dandalin Sellafield zai ci fiye da fam biliyan 100 da shekaru sama da 100. Na biyu kuɗi. Tashar Hinkley Point C da ake ginawa a Somerset, wadda za ta ba da wajen kashi 7 cikin 100 na wutar ƙasar, an ce za ta ci fam biliyan 18 ta fara aiki a 2025. Yanzu ana maganar sama da biliyan 30 da kuma wajejen 2030. Wannan kuɗin daga ƙarshe a takardar wutarmu zai fito, kuma muna da haƙƙin tambayar ɗan majalisarmu.

Na uku ya fi kusa da mu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, arewacin Nijar, an kuma yi shekara da shekaru ana kai shi Faransa. Mahaƙar Akouta ta yi aiki daga 1978 zuwa 2021, ta bar tsibin tarkace na miliyoyin tan a bakin gari. A 2009 ƙungiyar Greenpeace da wani ɗakin gwaji mai zaman kansa na Faransa, CRIIRAD, sun auna radiyeshin da ya wuce ƙa'ida a titunan Akokan da jikin ƙarafunan da ake sayarwa a kasuwa. Wutar da mahaƙan ke aiki da ita ma daga kwal ɗin Tchirozerine take. A ƙasar da ma'adininta ya haska gidajen Turai shekara da shekaru, mutum 1 cikin 5 ne kawai ke da lantarki, kuma da Najeriya ta yanke layi bayan juyin mulkin 2023, Yamai ta shiga duhu. Ga inda ya kamata fushinmu ya tafi: huhun mahaƙi, ruwan rijiyar Arlit, da yadda aka yi rabon riba. Wanda bai san bambancin tururi da radiyeshin ba, ta yaya zai tsaya gaban kamfani ya nemi a nuna masa sakamakon awo?

Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wannan fanni kisa yake yi kai tsaye. A garin Goiania na Brazil, a 1987, wasu masu tsintar ƙarfe sun shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka ɓalle kan injin gashi suka sayar. Aka fasa, aka ga wani gari mai walƙiya shuɗi, aka riƙa rabawa 'yan uwa ana shafawa a jiki. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6. Da ɗaya daga cikinsu ya san abin da ke hannunsa, da ba a fasa ba. Yaranmu nawa ke sana'ar gwangwan a Kano da Kumasi da Yamai? Cikinsu nawa aka taɓa nuna wa alamar nan mai kama da farfela mai kunne uku a kan launin ruwan ɗorawa, aka ce in ka gan ta a jikin ƙarfe ka ja da baya ka kira hukuma? Wannan ne saƙon da ya cancanci a yaɗa don Allah.

Sai masu cewa ai wannan ilimin ba na baƙar fata ba ne, mu da taransifoma ta gagare mu. Wannan ma ban yarda ba. Akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Kwabenya kusa da Accra tun 1994, akwai irinta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, 'ya'yanmu ne ke tafiyar da su. Ba lantarki suke bayarwa ba, gwaji da koyarwa ake yi da su, amma sun nuna hannu da kai ba su ne matsalar ba. Tashar Koeberg kusa da Cape Town na ba da wuta tun 1984, Masar kuma na gina tukwane 4 a El Dabaa. Sai dai masu cewa a gina mana gobe-gobe su ma su saurara. Tukunya ɗaya irin ta Masar megawat 1,200 ce, wajen rubu'in abin da layin wutar Najeriya gaba ɗaya ke iya rabawa a yawancin ranaku, layin da ke durƙushewa sau da yawa a shekara. Ka tuna darasin Fukushima: tashar nukiliya ita kanta tana buƙatar wuta tabbatacciya daga waje don sanyaya garwashinta. Tana buƙatar hukumar sa ido da za ta iya ce wa minista a'a ta kwana lafiya, da ma'aikacin da zai ba da rahoton tsatsa ba tare da tsoron kora ba. Duk ranar da wata gwamnati ta zo da takardar yarjejeniya, tambayoyin da za a yi mata ke nan: wa zai sa ido, ina za a kai shara, bashin nawa ne kuma wa zai biya, wane ruwa za a ɗiba, wane asibiti aka tanada. Mutanen da aka tsorata ba sa yin irin waɗannan tambayoyi, ihu suke yi kwana biyu a wuce wurin, a sa hannu a bayansu.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. In saƙo ya zo maka da hoton hasumiya da farin hayaƙi, ka tambayi wanda ya turo ko ya san abin da ke cikin hasumiyar, in bai sani ba ka goge. In kana kusa da Suffolk, tashar Sizewell B na da sashen baƙi, ka nemi izini ka kai yara su ga abin da idonsu, wataƙila cikinsu akwai injiniyan da Arlit ke jira. In kuma likita ya rubuta wa wani naka hoto ko gashi, kada ka yanke masa hukunci a falo. Ku zo tare, ku nemi tafinta in ana buƙata, haƙƙinku ne kuma kyauta ne. Ka tambaye mu nawa ne awon, mene ne amfanin, me zai faru in an ƙi. Za mu zauna mu amsa maka, don aikinmu ke nan. Ka dai zo da ita tun ƙarin yana ƙarami.